Ran Rayuwa Ya Daɗe

A wani gida mai shuɗin bango da ke unguwar Coyoacán, a kudancin birnin Meziko, akwai wani ɗan zane wanda babu komai a cikinsa sai kankana. Wata guda take ba a taɓa ta ba, wata an raba ta biyu, wata an yanka ta har jan cikinta ya bayyana. A kan jan naman yankin da ke gaba, mai zanen ta rubuta kalmomi uku da manyan baƙaƙe: Viva la vida. Ta sa sunanta, da sunan unguwar, da shekarar 1954. Ita ce Frida Kahlo, kuma abin da aka fi ruwaitowa shi ne ta yi wannan rubutu kwana takwas kafin rasuwarta, wadda ta auku ranar 13 ga Yuli na wannan shekarar, tana da shekara 47.

Sai an san jikin da ya riƙe burushin kafin a gane nauyin kalmomin. Shan-inna ta kama ta tana shekara shida. A 1925 motar bas da take ciki ta yi karo da jirgin ƙasan cikin gari, wani ƙarfe ya soke ta a ƙugu, ƙashin bayanta ya karye. An yi mata aiki fiye da sau talatin a tsawon rayuwarta, kuma a 1953 aka yanke mata ƙafar dama daga ƙasan gwiwa saboda ruɓewar nama. Wannan ce matar da ta zaɓi ta yi wa rayuwa kirari a kan zanen da ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ta sa wa hannu.

Vida ita ce kalmar rayuwa a Sifaniyanci da harshen Fotugal. Asalinta vita ce ta Latin; a bakin mutanen Sifaniya da Fotugal harafin t da ya faɗa tsakanin wasula biyu ya yi laushi ya koma d, yayin da Italiyawa suka riƙe vita yadda take, Faransawa kuma suka taƙaita ta zuwa vie. Daga wannan tushe ne masani Casimir Funk ya ƙirƙiro kalmar bitamin a 1912. Sai dai mai fassara zuwa Hausa yakan tsaya cak a nan, domin Hausa tana da kalmomi biyu inda su suke amfani da ɗaya. Akwai rai, abin da ake zarewa, wanda idan ya fita sai a yi wanka da sutura. Akwai kuma rayuwa, wato zaman duniya da abin da ya ƙunsa na ci da sha da haya da kuɗin makaranta. Idan mutum ya mutu a haɗari, vida ya rasa. Idan farashin masara ya tashi, tsadar vida ake kuka da ita. Saurayi ma yakan kira masoyiyarsa mi vida, kamar ya ce mata raina.

Ita kuwa viva fata ce, irin wadda taro ke ɗaga murya ya yi wa shugaba. Idan mutanen Sifaniya suka ce viva el rey, daidai yake da Bahaushe ya ce ran sarki ya daɗe. Ke nan fassarar da ta fi kusa da abin da Kahlo ta rubuta ita ce: ran rayuwa ya daɗe. Jimlar tana da ɗan ban mamaki a kunne, don ba a saba ganin rayuwa a matsayin abin da ke buƙatar a roƙa masa tsawon kwana ba. Mai cikakkiyar lafiya ba zai yi tunanin haka ba. Akwai kuma wani abu da mutanen zamaninta suka sani: a lokacin yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939, wata rundunar da ke ɓangaren Janar Franco ta yi suna da kirarin viva la muerte, wato ran mutuwa ya daɗe. Kahlo tana cikin waɗanda suka goyi bayan ɓangaren da Franco ya murƙushe.

Duk wanda ya bi sawun wannan kalma a sunayen littattafai da waƙoƙi da unguwanni zai lura cewa ba a cika raɗa ta inda rayuwa ta wadata ba. Tana yawan sauka a bakin kabari, ko bayan ambaliya, ko a ƙasar da ruwan sama ya ƙaurace wa.

Tun a wajajen 1635 Pedro Calderón de la Barca ya kira wasan kwaikwayonsa La vida es sueño, wato rayuwa mafarki ce, kuma jarumin wasan ɗan sarki ne da aka ɗaure a kurkuku tun yana jariri saboda taurari sun nuna wa mahaifinsa zai zama azzalumi. Amma misalin da ya fi kaifi yana Birazil. A 1938 Graciliano Ramos ya fitar da Vidas Secas, wanda za a iya fassarawa da busassun rayuka. Ramos ɗan jihar Alagoas ne a arewa maso gabashin ƙasar, yankin da fari ya sha kora mutane daga gonakinsu. Ya taɓa zama magajin garin Palmeira dos Índios, gwamnatin Getúlio Vargas ta tsare shi a 1936 ba tare da tuhuma ba, kuma bayan an sake shi ne ya riƙa rubuta babin littafin ɗaya bayan ɗaya yana sayar wa jaridu don ya samu na cefane.

Labarin wani makiyayi ne mai suna Fabiano, da matarsa Vitória, da 'ya'yansu maza biyu. Marubucin bai ba yaran suna ba. Babba da ƙarami kawai ake kiransu. Karyar gidan ce ke da suna, Baleia, sunan dabbar nan mafi girma a teku, a ƙasar da ko kududdufi ya gagara. Tun a babin farko yunwa ta sa suka cinye akun da suke tafe da shi. Da suka samu matsuguni a wata gona, maigidan yakan cuci Fabiano a lissafi duk ƙarshen shekara, wani ɗan sanda kuma ya lakaɗa masa duka ya kulle shi ba gaira ba dalili. Babban burin Vitória a duniya shi ne gadon fata maimakon na kara. Littafin ya buɗe da hijira, ya rufe da hijira. Duk wanda ya ji labarin farin 1973 da 1974 daga bakin dattawan Damagaram ko Katsina ba zai buƙaci a yi masa bayanin wannan iyali ba.

Abin lura a taken shi ne jam'in da aka yi. Ramos bai ce rayuwa ba a dunƙule, irin ta masu falsafa. Rayuka ya ce, waɗanda ake iya ƙirgawa, sannan ya liƙa musu sifar da ake ba rijiya ko rafi. Farin da ya kama ƙasar ya kama bakin mutanen: Fabiano da ƙyar yake haɗa jimla, kuma yana tsoron dogayen kalmomin mutanen birni don ya san da su ake cutarsa.

Jikokin irin su Fabiano su ne suka cika gefen biranen Birazil, kuma kalmar ta bi su can. A 2009 gwamnatin Lula da Silva ta ƙaddamar da shirin gidaje mai suna Minha Casa, Minha Vida, wato gidana, rayuwata, da alkawarin farko na gida miliyan ɗaya. An gina gidajen, miliyoyin talakawa sun samu rufin kansu, wannan ba abin rainawa ba ne. Sai dai 'yan kwangila sun fi zuwa inda fili ke da araha, can bayan gari, nesa da wurin aiki da asibiti, har wasu mazauna suka wayi gari suna kwashe sa'o'i a mota kowace rana. An samar da kashin farko na sunan, kashi na biyu ya rage nasu. A 2020 gwamnatin Jair Bolsonaro ta sauya wa shirin suna zuwa Casa Verde e Amarela, gida kore da rawaya, launukan tutar ƙasar. Lula na dawowa mulki a 2023 ya mayar da tsohon sunan. Gwamnatoci biyu sun ga cewa kalma guda ta isa a yi jayayya a kanta.

A fagen waƙa, babu inda abin ya fi tsaya wa mutum a rai kamar Chile. Violeta Parra ta yi shekaru tana yawo ƙauyuka tana tattara tsofaffin waƙoƙin manoma, kuma a 1964 aka baje kolin ɗinke-ɗinkenta da zane-zanenta a wani sashe na ginin Louvre da ke Paris. Da ta koma gida sai ta kafa babban tanti a unguwar La Reina ta birnin Santiago, tana fatan ya zama cibiyar al'adun gargajiya. Jama'a ba su zo yadda ta zata ba. A ƙarshen 1966 ta fitar da faifan da ya ƙunshi Gracias a la vida, godiya ga rayuwa. Ranar 5 ga Fabrairu 1967 ta kashe kanta a wannan tanti. Har yau ana gardama ko waƙar godiya ce ko ban kwana, kamar dai dole sai ɗaya. Mercedes Sosa ta Ajantina ta rera ta a 1971 ta yaɗa ta ko'ina, kuma bayan juyin mulkin Pinochet na 1973 ta zama abin da 'yan gudun hijirar Chile ke rerawa a ƙasashen da suka fake.

Mai musu zai iya kawo Kosta Rika, inda pura vida, tsantsar rayuwa, ta zama gaisuwa da amsa da godiya da sallama, kusan yadda lafiya lau take a bakin Bahaushe. Ƙasa ce da ta rushe rundunar sojojinta tun 1948, kuma masu tallan yawon buɗe ido sun buga kalmomin a jikin riguna da kofuna. To amma ko ita an fi danganta asalinta da wani fim ɗin barkwanci na Meziko mai wannan suna da ya fito a 1956, wanda jaruminsa mutum ne da duk abin da ya taɓa sai ya lalace, yana kuma maimaita kalmomin duk da haka.

Maƙwabciyarta ta arewa, Nikaraguwa, ta nuna fuskoki biyu na kalmar a tazarar 'yan kilomitoci. A ƙarshen Oktoba 1998 mahaukaciyar guguwar Mitch ta afka wa Amurka ta Tsakiya, ta hallaka mutum fiye da 11,000. Tafkin Managua ya cika ya malala cikin unguwannin talakawan da ke bakinsa. Aka kwashe dubban mutane aka sauke su a wani fili a Ciudad Sandino, yamma da babban birnin, da 'yan sanduna da baƙar leda a matsayin ɗaki. Sunan da aka ba wurin shi ne Nueva Vida, sabuwar rayuwa. Ita kanta Ciudad Sandino ta samo asali ne daga matsugunin gaggawa da aka kafa wa waɗanda ambaliyar wannan tafki ta kora a 1969. Nueva Vida tana kusa da jujin gari, kuma shekaru bayan guguwar gidaje da dama a can sun dogara da tsintar roba da ƙarfe a cikin shara.

A cikin Managua kuwa, daga 2013, Rosario Murillo, matar Shugaba Daniel Ortega, ta sa aka riƙa kafa wasu manyan bishiyoyin ƙarfe masu murɗaɗɗun rassa a bakin tituna da shataletale. Tsayinsu ya kai na bene mai hawa da yawa, an yi musu fenti kala-kala, an jera musu dubban ƙwayayen lantarki. Sunansu Árboles de la Vida, bishiyoyin rayuwa, kuma adadinsu ya haura ɗari. Ba su da inuwar kirki, ba sa 'ya'ya, suna shan wuta a ɗaya daga cikin ƙasashe mafi talauci a nahiyar. Mutanen gari suka yi musu laƙabi da chayopalos, sandunan Chayo, daga sunan da ake kiran Murillo da shi. A watan Afrilu 2018, da zanga-zanga ta ɓarke kan sauyin tsarin fansho, bishiyoyin na cikin abubuwan da matasa suka fara nufa. Suka yanke gindinsu da zarto, suka ja su da igiya har suka faɗi, jama'a na tsalle a kansu. A watannin da suka biyo baya an kashe mutum fiye da 300, akasarinsu a hannun 'yan sanda da 'yan bangar gwamnati, kamar yadda hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta ƙididdige.

Akwai wata bishiyar ƙarfen mai irin wannan suna, a Afirka aka ƙera ta. Mozambik, wadda harshen hukumarta na Fotugal ne, ta yi yaƙin basasa daga 1977 zuwa 1992, kuma da aka yi sulhu makamai suka rage a ɓoye a gidaje da dazuzzuka. A 1995 Bishop Dinis Sengulane ya jagoranci wani shiri na mai da makamai fartanyoyi: wanda ya kawo bindiga sai a ba shi keke, ko keken ɗinki, ko kayan noma, ko kwanon rufi. A yanka bindigar gunduwa-gunduwa don kada ta sake aiki, sannan a miƙa wa masu sassaƙa. A 2004 mutum huɗu a Maputo, wato Kester da Hilário Nhatugueja da Fiel dos Santos da Adelino Serafim Maté, suka haɗa wata bishiya mai tsayin sama da mita uku da nauyin kusan rabin tan, Árvore da Vida. An kai ta babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan a 2005. Daga nesa bishiya ce, da gindi da rassa da ganye. Sai an matso kusa ake gane bakin AK-47, da gidan harsashi, da kunamar da wani yatsa ya taɓa ja.