Havana: Inda Bakanike Ya Zama Maƙeri

Baƙon da ya sauka Havana, babban birnin ƙasar Kyuba, abin da zai fara ɗaukar idonsa a kan titin Malecon na bakin teku shi ne tsofaffin motocin Amurka, su Chevrolet da Ford da Buick, ƙirar shekarun 1950. Ga su nan sun sha fenti, sai ka ce jiya aka sauke su daga jirgi.

Ba sha'awa ce ta sa aka riƙe su ba, tilas ce. Bayan juyin juya halin 1959, Amurka ta ɗora wa Kyuba takunkumin ciniki, Shugaba Kennedy ya ƙarasa ɗaure shi a 1962. Daga nan kayan gyara suka yanke, alhali kuwa tsakanin tsibirin da Florida mil 90 ne kawai.

To, sai an bar bakin teku an kutsa lungunan Centro Habana, inda ake kwance mota a gefen titi, sa'an nan za a gane inda wahalar take. Inji babba bai cika gagara ba. An daɗe ana cusa na motocin Tarayyar Sobiyet, daga baya kuma na dizal irin na Toyota da Hyundai. Ɗan ƙaramin abu shi ke kwantar da mota: noti, wosha, robar birki, marfin lagireto, hannun ƙofa. Notin Amurka da inci aka auna shi, na Lada kuwa da milimita, saboda haka ba ya hawa sai an sake yanka masa zare. Abin da aka rasa ɗungurungum, bakanike ya auna tsohon, ya sassaƙa sabo a injin yankan ƙarfe. Adon bamba da na gefen ƙofa kuwa da guduma ake bubbuga shi daga falle.

Masu kai baƙi yawon buɗe ido su ne suka fi damuwa da wannan ado, don kuwa kyan mota shi ne jarinsu. Direban haya bai kula ba, muddin ta tashi da safe, gama kwananta ɗaya a ajiye, gidansa ne zai ji a tukunya. Shi ya sa ɗan'uwa mai zuwa ziyara daga Miami, kafin a tambaye shi tsaraba, ana aika masa da sunan mota da shekararta, ya ƙunso 'yan ƙarafan a cikin akwatinsa.