Motar Katako A Gangaren Jimeta

Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, gari ne na sarauta da malanta. Jimeta kuwa ciniki ne ya raya ta a bakin Binuwai, tun zamanin da jiragen ruwan kamfanonin Turawa ke hauro kogin da damina. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, ma'aikata da motoci suka cika garin, makanikai da kafintoci suka biyo baya. To, a abin da waɗannan suka yar ne yaran Luggere da Doubeli ke samo kayan motarsu.

Yaro yakan fara da motar kara, ya wuce zuwa ta langa-langa. Amma motar katako, wadda za a hau ta gangara da mutum, ta fi ƙarfin yaro shi kaɗai, sai gida ya sa hannu. Wansa ya tafi gareji ya roƙo tsofaffin boris huɗu. Uba ya feƙe bakin sanduna biyu har boris ya shige daram, ya kafe ta baya a jikin allo, ta gaba kuma ya riƙe ta da ƙusa guda a tsakiya domin ta juya. Uwa, ko da tana mita, igiyar shanyarta ce ke zama sitiyari.

A Amurka irin wannan wasa ya zama gasar ƙasa tun 1934, aka mai da ita birnin Akron a 1935, daga baya aka gina mata hanyarta ta musamman. A Jimeta babu wannan gata, kuma nan ne gizo ke saƙar. Boris ba ya tafiya a yashi, nutsewa yake yi, sai kwalta. Watau motar da kanta take jan yaro daga lungu zuwa titi, inda Keke Napep da manyan motoci ke kaiwa da komowa, alhali birkinsa duka diddigen silifa ne.

Saboda haka uba mai lura ba ya miƙa motar sai ya buga wa wata sanda guntun tsohuwar taya, yadda in an ja ta za ta dafe ƙasa. Sa'an nan ya tsayar da babban wa a ƙarshen gangara, ya ce in an kira magariba a shigo da ita zaure.