Rishikesh, Garin Da Ake Koyon Tattara Hankali

Daga birnin Delhi jirgin ƙasa ke kai matafiyi Haridwar, daga nan mota ta ƙarasa da shi Rishikesh, tafiyar kusan kilomita 25. Garin yana jihar Uttarakhand a arewacin Indiya, daidai inda kogin Ganga ke baro duwatsun Himalaya ya nufi sarari. Mabiya addinin Hindu suna ɗaukarsa wuri mai tsarki, shi ya sa doka ta hana sayar da nama da giya a cikinsa. Shinkafa da miyar wake da gurasa su ne abincin kowa, baƙo da ɗan gari.

Yoga ce ta fitar da sunan garin. Swami Sivananda, wanda ya yi aikin likita a Malaya kafin ya juya wa duniya baya, a nan ya kafa ƙungiyar Divine Life Society a 1936. Da mawaƙan Beatles na Ingila suka zo a 1968 wurin Maharishi Mahesh Yogi, sai ƙafar Turawa ta buɗe. Yau idan ka tsallaka gadar Ram Jhula, kana kauce wa shanu da birai, duk lungun da ka shiga allon makarantar yoga ne, da yawansu suna tallar takardar shaidar koyarwa bayan horon awa 200. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2014 ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga.

Abin da duniya ta fi sani shi ne lanƙwasa jiki. Amma a tsohon littafin Patanjali, wanda malaman garin ke jingina da shi, matakan takwas ne, kuma zaman jiki shi ne na uku. Biyun farko gyaran hali ne: faɗin gaskiya, barin cuta da sata, tsafta, wadatar zuci. Na huɗu sarrafa numfashi, na biyar janye ido da kunne daga abin da ke fizgarsu. Ukun ƙarshe su ne ƙashin bayan lamarin. Da farko mutum ya kafe hankalinsa a kan abu guda. Idan kafewar ta ɗore ba yankewa, ya hau mataki na bakwai. Na takwas, wanda suke kira samadhi, shi ne mutum ya nutse har ya manta da kansa, ba abin da ya rage sai abin da ya fuskanta.

A gidan horon da na sauka, irin wanda suke kira ashram, kafin asuba ake kaɗa ƙararrawa. Kowa ya naɗe ƙafa a tabarma, ya bi shigar numfashinsa da fitarsa. Aikin ke nan, amma bai kai minti guda ba hankali ya tsere: kuɗin makarantar yara, saƙon da ba a amsa ba, maganar da wani ya yaɓa maka bara. Dattijon da ke jagorantar zaman ya ce mana kada mu yi faɗa da tunani. Yadda makiyayi ke juyo ɗan maraƙin da ya ratse, ba duka ba zagi, haka za a riƙa dawo da shi, kuma dawowar ita ce horon.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bayan an tashi ne. Ana raba aiki: wannan shara, wancan yankan albasa, wasu wankin kwanuka, kuma a wurinsu ci gaban zaman safe ne. Na zauna kusa da wata dattijuwa tana tsintar shinkafa. Ba sauri, ba nawa, ba waige. Ana ta kai da komo a bayanta, ita kuwa duk ilahirinta yana cikin faifan nan. A gidan, da irin wannan ake auna ɗalibi. Wanda ya iya dafa kansa a ƙasa ya ɗaga ƙafafu sama, amma ana masa magana hankalinsa na wani wuri, ana ganin ko ƙofa bai shiga ba.

Da yamma ana taruwa a bakin kogi gaban gidan horon Parmarth Niketan, ana juya fitilun wuta ana rera waƙoƙin bauta. Nan na tsaya gefe, domin aƙidarsu daban, tawa daban. Sai dai cutar da suke nema wa magani ta kowa ce. Malamanmu sun daɗe suna jan kunne a kan halartar zuciya a salla, kuma ba wanda bai taɓa tsayawa yana tambayar kansa raka'a ta nawa yake ba. Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne.

Mutanen Rishikesh sun ɗauki tattara hankali sana'a ce da ake koya kullum, shekara da shekaru. Mu kuwa sau da yawa fata kawai muke yi ya zo da kansa, alhali waya na hannu tun daga farkawa har kwanciya. Wanda bai saba ba wa tuwonsa, da aikinsa, da maganar ɗansa cikakken hankali ba, da wuya ya same shi a lokacin da ya fi bukatarsa.