Kalmomin da Suka Taso Daga Turke

Mu da muka tashi a Kanya Babba, tsakanin gona da garke, mun daɗe muna ɗaukar tsofaffin kalmomin Turanci a matsayin kayan jarrabawar WAEC da NECO kawai: a haddace, a zuba a takarda, a manta. Da muka fara bin diddigin asalinsu, sai muka tarar da yawansu daga turken dabba suka taso, wurin da muka fi ɗan birni sani.

Ku ɗauki kalmar marshal, wadda yau take cikin muƙami mafi girma na soja. Asalinta kalmomi biyu ne na tsofaffin harsunan Jamusawa, doki da bara, wato mai kula da dawaki. Haka constable, ƙaramin ɗan sanda, daga Latin ta fito, kuma da can tana nufin babban jami'i mai kula da bargar dawakin sarki. Ɗaya ta hau, ɗaya ta sauko. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, domin Madaki ko Madawaki namu mai dawaki ne, shugaban mayaƙan da ke kan doki, ga shi har yau yana cikin masu zaɓen sarki a Kano. Shamaki ma sunan wurin ɗaure dawaki ne kafin ya zama sarauta. A can da nan, wanda sarki ya amince ya riƙe masa doki shi ne ya wayi gari babba a fada.

Lord kuwa, da ake fassara mana da ubangida, a tsohon Turanci mai tsaron burodi take nufi, mutumin da ake ci a hannunsa. A ganinmu wannan ma'anar ta fi gaskiya, don ko a ƙauyenmu ba a kiran mutum maigida idan rumbunsa ba ya ciyar da kowa.

Sai batun shanu. Cattle da capital tushensu ɗaya, kalmar Latin mai nufin kai, domin da kawunan dabbobi ake ƙidaya arziki. Bafulatani ma idan ya ce dukiya, garkensa yake nufi. Inda akwai dukiya kuwa akwai mai karɓar rabonsa. Kakanninmu sun biya haraji a kan kawunansu, makiyaya sun biya jangali a kan kowace saniya, har zuwa 1979 da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a tsohuwar Jihar Kano, wadda muke cikinta kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Tambayi ɗan aji ɗaya ma'anar jangali yau, ka ga yadda zai yi zuru. Jakada ma ya sauya riga. Da can shi ne ɗan aiken hakimin da ke zaune a birni, yana zagaya ƙauyuka yana tattaro haraji, talakawa na ganinsa gabansu ya faɗi. Yanzu jakada shi ne mai wakiltar Nijeriya a Faransa ko Masar.

Inda muka fi jin daɗin binciken shi ne wajen nama. A 1066 Normawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, suka zama masu mulki. Shi ya sa dabba tana da suna biyu a Turanci. Tana raye a hannun talaka makiyayi, cow ce ko sheep. Da ta iso akushin mai mulki, sai ta koma beef ko mutton, kalmomin Faransanci. Akwai kuma karin maganar nan da ke yawan fitowa a darasin Turanci, eat humble pie, wato mutum ya ƙasƙantar da kansa ya nemi afuwa. Tushenta wata tsohuwar kalma ce, umbles, kayan cikin barewa, irin su hanta da zuciya da huhu, waɗanda ake ɗauka abincin ƙananan mutane ne. Mu dai a nan da wuya a yarda da wannan rabo, don ranar Babbar Sallah kayan ciki ake fara soyawa, kuma har rigima yara ke yi a kan hanta.

Abin da ya dame mu shi ne namu kalmomin suna bin hanyar umbles. Tozo kowa ya sani, saboda daɗinsa. Amma nawa ne a ajinmu za su nuna karfata da katara a jikin rago, ko su bambance saifa da matsarmama? Wa ya san fatar da ke reto a wuyan sa leɓe ake ce mata, ko cewa jan abin da ke kan zakara zanko ne? Ƙundu ya tsira ne kawai don a gidaje da yawa rabon maigida ne. Na dawaki sun fi saurin tafiya: geza, kofato, akawal baƙin doki, kili fari. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana irin waɗannan da yawa, sai dai ba kowace makaranta ke da shi ba, kuma takarda ba za ta kama maka karfata ta nuna maka ba.

Don haka layyar bana mun raba aiki tsakaninmu. Wasu za su tsuguna kusa da mahauci lokacin fiɗa, duk abin da ya ciro su ce, "Baba, mene ne sunan wannan?" Wasu za su je wurin tsofaffin da suka biya jangali da hannunsu. Mun riga mun sayi littafin rubutu mai shafi tamanin, mun ja layi a tsakiyar kowane shafi, Hausa a dama, Turanci a hagu.