Wasiƙa Zuwa Ga Auta: Madogara Ɗaya Ce

Biristol, Ingila

Ƙanena Auta,

Ina fata kana lafiya, da Inna da su Yaya da yara baki ɗaya. Yaya ƙafar Inna? Yaya aka ji da aikin kaka? Ni ma lafiya lau, sai sanyi da duhu, don a watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma rana ta riga ta faɗi a nan.

Saƙonka ya iso. Ka ce tun da Allah ya kawo ni Ingila, gidanmu ya rabu da tunanin gobe. Ka kuma ce kana so ka sayar da gonar fadama, ka ba wani dillali ya nemo maka biza. Maganarka ta farko ta fi ta biyu tayar mini da hankali, shi ya sa na ga waya ba za ta ɗauki abin da ke bakina ba.

Mutanen ƙasar nan suna da halaye abin koyi. Suna cika alƙawari, suna girmama lokaci, suna bin layi, kuma tun 1948 suke da tsarin da likita zai duba marar lafiya ba tare da an tambaye shi kuɗi ba. Mota tana da inshora, gida yana da inshora, tsufa yana da fansho. Duk wannan alheri ne, ba na kushe shi. Sai dai idan mutum ya ga kowace ƙofa da makullinta a aljihunsa, yakan manta da Wanda yake tashe shi daga barci kowace safiya. A ƙidayar 2011, kashi 59.3 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wels suka ce su Kirista ne. A ta 2021 sun koma kashi 46.2, waɗanda suka ce ba su da addini kuma sun kai kashi 37.2. Na ga majami'u masu tsawon hasumiya da aka mayar gidajen haya. Tun yaro yana ƙarami ake koya masa ya tsaya da ƙafarsa, har neman taimako ya zama abin kunya.

Ƙarshen wannan tarbiyya nake gani kullum a gidan kula da tsofaffi inda nake aiki. Akwai tsoffin malamai da injiniyoyi da 'yan kasuwa, kowa ya ci zamaninsa. Abin da ya fi yi wa yawancinsu ciwo shi ne a ce yau wani ne zai ba su abinci a baki, ya yi musu wanka. Wasu sukan yi kuka saboda haka. Amma akwai wata tsohuwa da ciwon mantuwa ya raba ta da sunayen 'ya'yanta, duk da haka da an soma Addu'ar Ubangiji sai ta bi har ƙarshe. Idan na miƙa mata cokali, takan buɗe baki ta yi godiya, ba gardama, ba jin nauyi. A duk gidan ba wanda ya kai ta kwanciyar rai.

Ka tuna Matiyu sura 18 da muka haddace a makarantar Lahadi. Almajirai suna neman sanin wanda ya fi girma, sai Ubangiji ya kira ƙaramin yaro ya tsayar a tsakiyarsu, ya nuna musu cewa sai sun juyo sun zama kamarsa kafin su shiga Mulkin Sama. Yaro ba shi da muƙami, ba shi da rumbu. Ya san ba zai iya ciyar da kansa ba, yana roƙo ba kunya, yana karɓa ba ciniki. Dubi jinjiri a bayan uwarsa ranar kasuwar Malumfashi: ga hayaniya, ga turereniya, ga rana, shi kuwa barcinsa yake sha, domin ya san bayan da yake kwance a kai. Tawali'u ke nan, Auta, mutum ya yarda cewa goye yake.

A garin nan aka yi wani bawan Allah, Joj Mula, mutumin Jamus da aka haifa a 1805. A 1836 ya soma tara marayu, daga baya ya gina manyan gidaje biyar a Ashli Dawun, masu ɗaukar yara fiye da 2,000 a lokaci guda. Kafin rasuwarsa a 1898, marayu fiye da 10,000 sun ci, sun sha, sun yi karatu a hannunsa. Bai taɓa roƙon kowa kuɗi ba, bai ci bashi ba. Bukatarsa ga Allah yake kai ta, Allah kuma ya motsa zukatan mutane su kawo. Gine-ginen suna nan tsaye, na gan su da idona. Amma ka lura, wannan mutum yana rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita, yana fitar da rahoto kowace shekara, yana koya wa yaran sana'a. Bangaskiya irin ta yaro ba ta hana lissafi, ba ta hana zuwa asibiti, ba ta kuma ba malalaci mafaka.

Mu ma a gida muka gan ta. Marigayi Baba yakan yi binne tun ƙasa tana bushe, sama ba ko gajimare. Ya gyara gona, ya kai taki, ya zuba iri, sa'an nan ya cire hula ya yi addu'a a bakin kunya. A shekarar da damina ta yi gardama ma bai fasa kai damin godiya majami'a ba. Da ƙarfe biyar na asuba Inna take tashinmu sujada, ko akwai tsaba a gidan ko babu. Dogaro ga Allah jari ne, kuma shi ne gadon da suka bar mana, ya fi gonar fadama daraja.

To, ka ga dalilin tsorona. Ni 'yar aiki ce, zamana a nan yana rataye da takarda. A watan Maris na 2024 gwamnati ta hana masu irin aikina zuwa da iyalansu, a watan Yuli na 2025 kuma ta rufe ƙofar ɗauko sababbin ma'aikatan kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Duk dillalin da ya ce zai samo maka wannan biza yanzu, gonarka yake so ya cinye. Abin da mutum ya buɗe, mutum yana iya rufewa da sa hannu ɗaya. Idan kun sauke zuciyarku daga kan Allah kun ɗora a kaina, ranar da na kwanta ciwo ina za ku sa kanku? Zan ci gaba da aikowa muddin ina da ƙarfi, da farin ciki kuwa, amma ni hannu ce kawai, Mai bayarwa yana sama.

Saboda haka ina roƙonka, kada ka sayar da gonar. Ka yi noman rani bana, ga kuɗin injin ban ruwa nan tafe. Ka koma sujadar safe tare da Inna, ka zauna da yaran Yaya ka koya musu addu'a. Duk abin da kake so, har da tafiya waje, ka faɗa wa Ubanka na sama a fili yadda yaro yake faɗa wa ubansa, ka kuma karɓi amsarsa ko da ba wadda ka so ba ce.

Ka gaishe mini da Baba Fasto da Zumuntar Mata, ka ce ina neman addu'arsu. Ka karanta wa Inna wasiƙar nan daga farko har ƙarshe. Ubangiji ya kiyaye ku duka. Amin.

Ni ce yayarka mai ƙaunarka.