Mushe da ajin da ke cikin salula

Masu iya magana sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. To amma akwai ranar da yaro kan riƙo wani abu a tafin hannunsa, babba ya tsaya yana kallo, ya rasa ta inda zai kama. Irin wannan rana ce ta riski wani tsohon mushe a birnin Maraɗi, mutumin da ya share fiye da shekara talatin da alli a hannu kafin ya aje aiki ya koma zaman zaure.

Mai karatu bai manta da watan Maris na 2020 ba. Ran 19 ga wata aka bayyana mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Nijar, kashegari aka rufe makarantu tun daga lakwal ta ƙanana har jami'a. Jikar Mushe tana ajin ƙarshe na lise, sashen kimiyya, bakaloreya na jiranta, alhali ko rabin darussan fizik ba su kai ba. Malaminsu ɗan kwantiragi ne, da aka rufe ya tattara ya koma garinsu, kuma babu mai ganin laifinsa. Yarinya ta wuni tana juya kaye, ta kwana tana juyawa. Kakan nata ya san faransanci kamar yunwar cikinsa, ya san lissafin firamare, amma abin da ya shafi wutar lantarki da maganaɗisu ya fi ƙarfinsa.

Ana nan sai wani tsohon ɗalibinsa ya kira shi domin gaisuwa. Yaron da ya koya wa baƙi da wasali ne a wani ƙauye, yau shi ke koyar da fizik a wata lise ta ƙasar Faransa, inda su ma aka kulle su cikin gidaje tun 17 ga Maris. Da ya ji halin da ake ciki sai ya ce: «Mushe, ai wannan mai sauƙi ne. A ba ta salula, ta tara abokan karatunta, ni zan riƙa yi musu darasi suna ganina ina ganinsu.»

Dattijon ya yi shiru, don maganar ta taɓo masa wani tsohon miki. Matasan yanzu ba su san cewa Nijar na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada koyar da yara ta akwatin telebijin ba. An soma a 1964 da taimakon Faransa, a cikin azuzuwa kaɗan na Yamai da kewayenta. Ana shirya gajerun darussa da faransanci a watsa, yara su kalla, sa'an nan wani saurayi mai ƙaramar takardar shaida ya tsaya gabansu ya maimaita, ya tambaya, ya gyara. Wasu akwatunan da farantin hasken rana suke aiki, tun duniya ba ta saba da shi ba. Mushe da wannan aiki na mai kula da aji ya fara cin abinci, kuma yana nan aka naɗe tabarmar shirin wajen ƙarshen shekarun 1970, kayan aikin suka koma hannun telebijin ta ƙasa. Abin da ya riƙe tun daga lokacin shi ne, akwati yana magana amma ba ya ji. Yaro zai ɓace tun a jimla ta biyu, akwati ya ci gaba da zuba kamar ruwan indararo.

«Wannan yana ji, Mushe,» in ji ɗalibin, yana dariya. «Har ma yana gani.»

Aka sa rana. Yara shida suka hallara a zauren, kowa da ƙyalle a hanci, an ba da tazara tsakanin tabarmi. Aka jingina salula da butar shayi a bisa kujera. Da WhatsApp suka so yi kowa daga gidansu, sai aka tarar a lokacin mutum huɗu kawai yake ɗauka a kiran bidiyo, sai a ƙarshen Afrilu aka ƙara zuwa takwas; ga shi kuma uku daga cikin yaran ba su da babbar waya. Saboda haka aka koma Zoom, wanda a watannin nan duniya ta yi wa rubdugu: kamfanin da kansa ya ce masu shiga taro ta hanyarsa a kowace rana sun tashi daga miliyan 10 a Disamba 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilu 2020. Amfaninsa ga darasi shi ne malam yana iya nuna shafin da yake rubutu a kai, kowa ya gani. Aibinsa ga talaka kuwa, taron kyauta minti 40 ne, da sun cika sai ya tsinke, ko da malam na tsakiyar jimla.

Darasin farko bai yi armashi ba. Murya da hoto ba a dunƙule suke tafiya ba, gutsuttsura su ake yi ƙanana-ƙanana a aika, su sake haɗuwa a can. In rezo ya yi rauni sai wasu gutsattsarin su makara ko su ɓace, fuskar malam ta daskare baki buɗe, muryarsa ta dawo kamar ta mai magana cikin tulu. Yara suka yi ta ƙunshe dariya. Ga zafin bazara, ga azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, ga wuta tana zuwa tana tafiya, salula ta yi zafi har a nemi mafici a yi mata fifita.

Sai kuma maganar kuɗi, wadda ɗan kasuwa da ma'aikaci duk sun fi kowa saninta. Hoto mai kyau yana iya lashe kusan giga guda cikin awa ɗaya, murya kaɗai kuwa ɗan abin da take ci bai taka kara ya karya ba. Uban yarinyar, ɗan farin Mushe, wanda saboda alkunya bai taɓa kiran sunansa ba, ɗan kasuwa ne mai sayo kaya daga Katsina da Kano, ga iyaka a rufe tun Agustan 2019, ciniki ya tsaya. Wani dare ya zauna gefen tabarma ya ce: «Baba, na yi lissafi. Abin da wayar nan ke ci a wata ya kusa kuɗin buhun hatsi. Yarinya mace, in Allah ya sa ta samu, to. In ba ta samu ba, ga masu nema suna ta aike.» Ba mugu ba ne, mutum ne da ke ciyar da baki goma sha. Mushe bai yi masa musu ba. Ya ce kawai kuɗin mega daga fanshonsa za su fito, kuma kada a sake kawo masa maganar masu aike sai an ga sakamako. Da jikar ta zo yi masa godiya, ya kore ta da wasa: «Tafi can, amarya, ni kishi ne ya sa, ba na son a kai ki gidan wani.»

Daga nan ne tsohon mai kula da aji ya farka a cikinsa. Ya lura cewa in malam ya tambaya daga Faransa ko an gane, yara shida sukan amsa da baki ɗaya cewa an gane, malam kuwa ba ya iya tantance fuskoki shida a cikin gilashin da bai fi tafin hannu ba. Mushe yana gefe, yana ganin wanda ya sunkuyar da kai da wadda alƙalaminta ya tsaya. Ya sa kafinta ya yi masa allo, ya shafa baƙin fenti, ya sayo alli. Ya tsara cewa a aiko da darasi a rubuce tun da dare, lokacin da rezo ya fi sauƙi, yara su kwafe kafin a haɗu. In an haɗu a buɗe hoto minti biyar a gaisa, a rufe, a ci gaba da murya. Ba a sake buɗewa sai yaro ya tashi gaban allo, a juya masa idon salula malam ya ga aikinsa. Katsewar minti 40 da ke ba su haushi ita ya mayar hutun tambaya: kafin a sake haɗawa sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi inda ya ɓace, da hausa, ba kunya. Shi bai san amsar ba, amma ya san yadda ake gane wanda bai gane ba, kuma ba a koyar da wannan a cikin wata na'ura. Kuɗin mega ya ragu da fiye da rabi.

Kada a ɗauka abin ya wadatar. Yara shida ne cikin aji mai ɗalibai fiye da sittin. Akwai wata haziƙa da ta fi jikar Mushe kai, wadda da aka rufe makaranta aka mayar da ita ƙauyensu, inda sai an hau tudu ake samun rezon gaisuwa, balle na hoto. Masu cewa daga yanzu malami ɗaya a Yamai zai iya koyar da ƙasa duka ta waya, ya kamata su fara zuwa su ga inda ake kai salula caji a kasuwa a biya dala ashirin. Wannan yarinya ba ta dawo ba ko da aka buɗe makarantu ran 1 ga Yuni.

Da aka yi jarrabawa cikin damina, huɗu daga cikin shidan suka samu. Jikar Mushe sai a zagaye na biyu ta haye, da ƙyar, kuma fizik ɗin ne ya ɗaga ta. Uban ya yanka rago, bai ce komai ba game da buhun hatsi.

Shekaru sun shuɗe. An ga duhun da ya biyo bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar. Skype, wanda ya fara saba wa mutane da kira ta intanet tun 2003, an rufe shi a watan Mayu na 2025, a shekarar da Starlink ya fara aiki a ƙasar nan ga mai halin saye. Ɗalibin na Faransa bai daina ba, duk ranar Asabar yana kira, yara na wata shekara suna zaune a tabarmin. Idon Mushe ya yi rauni, ba ya ganin rubutun allo sosai, saboda haka yakan matso da kujerarsa kusa da yaran, ya karkata kunne wajen wanda muryarsa ta fi yin ƙasa in an ce an gane.