Motar tsofaffi da naƙasassu a birnin Niyu Yok

Bara da ɗari na tafi Amurka gaida kawuna. Yana zaune a Niyu Yok, unguwar Buronkis, inda ƴan Nijar da dama suke neman abincinsu. Shekara uku ke nan ɓarin jikinsa ya shanye, sai da keken guragu yake motsawa.

Niyu Yok gari ne mai dogayen benaye. Mutanensa sun fi miliyan 8. Jirgin ƙasa yana bi ta ƙarƙashin gari dare da rana, tashoshinsa 472. Amma galibinsu sai an sauka matakala. Mai keke ba ya iyawa, haka ma tsohuwa mai sanda.

Na ce: «Kawu, to da me kuke zuwa likita?»

Ya ce: «Ɗana, gobe ka gani da idonka.»

Ya ɗauki talho ya kira, ya faɗi inda za shi da lokacin da yake so. Ƙa'ida ce a kira tun ana gobe, ko ana jibi. Sunan wannan aiki Access-A-Ride. Asalinsa wata doka ce da shugaba Joj Bush ya sa ma hannu ran 26 ga watan Yuli 1990. Dokar ta ce garin da ke da bas ko jirgi na gwamnati, dole ya tanadi mota ga wanda naƙasa ta hana shi shiga su. Ba kowa ake ɗauka ba, sai an duba mutum an ba shi kati.

Da safe muka fito bakin ƙofa cikin sanyi mai shiga ƙashi. Motar tana da damar makara har minti 30. Shi kuwa mai tafiya, minti 5 kawai direba zai jira shi. Shi ya sa tsofaffi suke fitowa da wuri.

Motar ta zo, fara mai shuɗin zane. Direba ya sauko da wani faifan ƙarfe har ƙasa. Kawu ya hau da kekensa, inji ya ɗaga shi. Aka ɗaure keken da ɗamaru a daɓen mota don kada ya gangara. Kuɗin da ya biya daidai yake da kuɗin bas. A hanya muka biya muka ɗauki wata makauniya, don motar ta haɗin gwiwa ce. Muka isa likita lafiya.

Aikin yana da cikas, kuma hukuma ta sani. A 2022 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta yi bincike. Ta ce ana yawan kai mutane a makare, kuma tafiya tana daɗewa fiye da kima. Ga kuma batun kira tun ana gobe. In rasuwa ta faɗo yau, yaya mutum zai je gaisuwa?

Ana gyara sannu a hankali. A 2017 aka fara gwaji da wasu mutane: su kira taksi da talho a lokacin da suke bukata, hukuma ta cika kuɗin. A 2022 kuma, bayan naƙasassu sun kai ƙara kotu, hukumar jiragen ta yi alkawari. Kafin 2055, tasha 95 cikin 100 za ta samu hanyar da keke zai shiga. Kawu ya yi dariya ya ce wannan sai jikoki.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba kyauta aka yi musu ba. Naƙasassu ne suka haɗa kai suka yi ta nema har aka kafa doka.

Da na dawo gida sai na tuna da tsofaffin ƙauyenmu. Nawa ne suka bar zuwa likita don ba mai kai su? Ba mu da mota mai inji, amma muna da amalanke da jaki. In gari ya zauna ya ware amalanke ɗaya, aka sa rana, aka yi karo-karo don abincin dabba, an rage wahala. Mai ƙafa yau, bai san gobe ba. Allah ya ba mu tsufa mai albarka, amin.